Autanmu yana nitso a teku, wai in saya masa na'urar neman ceto

Fati_Maamobi:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka san harkar teku ku ba ni shawara. Autanmu ya koyi nitso irin wanda ake goya tulun iska a baya, yanzu yana can ɓangaren Takoradi a gaɓar tekun Ghana yana bin wani ƙaramin jirgi, wataran su kai baƙi 'yan yawon buɗe ido wataran kuma aikin kankare gindin jirage. Jiya bayan isha ya kira ni wai in taimaka masa zai sayi wata na'ura da in ruwa ya raba shi da jirginsu zai danna a san inda yake, kuɗin da ya faɗa ya haura dala 200, ku juya shi zuwa sidi ku ji. Ni abin da ya ɗaure min kai, ba jirgin ne ya kai su ba? ba a wurin yake tsaye yana jiransu ba? to yaya za a yi mutum ya ɓace wa jirgin da ke saman kansa. Ina da adashi da zan ɗauka ƙarshen wata amma na riga na yi masa hanya, shi ya sa nake so in ji gaskiya kafin in taɓa.

Zango_Lane99:
Wa alaikis salam. Hajiya yaron nan waya zai canza hhhh. Mu ma haka muka yi wa yayyenmu, yau kuɗin littafi gobe kuɗin jarabawa.

MaiNitso_Tema:
@Zango_Lane99 chale bar wasa da wannan. Yaya Fati yaron bai yi ƙarya ba, wannan shi ne abin da ya fi ba mu tsoro a aikin nan, ya fi kifin shak ɗin da kowa ke tambaya. Jirgi yana tsaye gaskiya ne ya jefa anka, amma ruwan ba a tsaye yake ba. Kana ƙasa kana harkarka ba ka jin komai don kai da ruwan tare kuke tafiya, in ruwa na ja da ƙarfin not 2, wato kamar kilomita 3.7 a awa, ka yi minti 45 a ƙasa ba ka riƙe igiya ba, lokacin da za ka taso kana kusan kilomita 3 daga jirgi. Kai kana hango jirgin sarai don yana da girma kuma yana sama, su kuwa ba sa ganinka, kanka kawai ya fito daga ruwa, baƙar riga baƙin kai, daga nesa ba ka da maraba da kwakwar da ruwa ya kwaso daga bakin gaɓa, igiyar ruwa ta ɗaga ka yanzu ta ɓoye ka yanzu. Kuma ba zancen iyo ka koma, da tulu a baya babu mai ja da ruwa irin wannan, gajiya kawai za ka yi. Ban da haka akwai igiyar anka ta tsinke, akwai inji ya ƙi tashi, a nan jirgin ne ma zai tafi ya bar ka kana kallonsa. Amma in ni ne ba na'urar nan zan fara saya ba. Tambaye shi yana da SMB nasa na kansa? usur fa? madubi? tocilar ruwa?

Fati_Maamobi:
Innalillahi. Jikina ya yi sanyi wlh. Menene SMB kuma ɗan uwa

MaiNitso_Tema:
Doguwar balan-balan ce mai ruwan lemo, tsawonta daga mita 1 zuwa kusan mita 2, a naɗe take a aljihu da ƙwarƙwaron zare. Kafin mu fito muna tsayawa a zurfin mita 5 kamar minti 3 don jiki ya fitar da iskar da ya sha, to a nan za ka ɗan hura mata iska ka sake ta ta haura sama ta miƙe tsaye kana riƙe da zaren a ƙasa. Tun kafin kanka ya fito mai jirgi ya ga inda kake, kuma masu wucewa da inji sun san akwai mutum a ƙasa kada farfela ta sare shi. In ka fito babu jirgi, ita za ka cika tam ka ɗaga kana kaɗawa. Kuɗinta bai kai rubu'in na na'urar ba. Ni ba na shiga teku babu ita ko da aikin minti goma ne.

BabaSoja_Burma:
Ni na yi aikin sojan ruwa kafin ritaya, na sha tsayawa a saman jirgi ana neman mutum, bari in faɗa muku yadda abin yake daga wancan ɓangaren. Wanda ke tsaye a ƙaramin jirgi idonsa kamar mita 2 daga ruwa, iyakar abin da zai gani kilomita 5 ne, bayan nan duniya ta lanƙwasa. Wannan ma in ruwa ya kwanta ke nan kuma abin babba ne. Kan mutum kuwa a mita ɗari biyar yakan gagari ido in akwai iska. Abin da ya fi kama ido da rana walƙiyar madubi ce, tana tafiya kilomitoci, matuƙin jirgin sama ma yana ganinta. Ku daina raina shi. Yadda ake yi, ka miƙa hannu ɗaya ka buɗe yatsu biyu ka sa jirgin a tsakaninsu, madubin kusa da idonka, ka juya shi har hasken ya faɗa kan yatsun, sai ka riƙa ɗan motsa shi. Ko tsohon faifan CD yana yi. Matsalarmu a nan hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauko rana ba ta da ƙarfi, teku da sama su zama fari ɗaya, madubi ya rage amfani. Sannan ku tuna ƙarfe shida da 'yan mintoci duhu ya rufe a ƙasar nan rani da damina, wanda ya shiga ruwa bayan la'asar ba shi da lokaci mai yawa. Da dare tocila ita ce komai, ƙaramin haske a teku ana hango shi daga nesa fiye da yadda kuke zato.

UmmuHanan_Madina:
Ni dai tambayata me ya kai ɗan zango ƙarƙashin teku fisabilillahi. Duk sana'o'in da ke Tudu da Abossey Okai

Zango_Lane99:
Anti kuɗi ne. Tun da aka fara haƙo man fetur a rijiyoyin Jubilee na cikin teku a 2010 yara da yawa suka koma Takoradi

MaiNitso_Tema:
Masu aikin mai daban ne, su yawanci ba tulu suke dogara da shi ba, akwai tiyo daga saman jirgi har kwalkwalinsu, ta nan iska ke zuwa ta nan ake magana da su, a ɗaure suke ba sa ɓacewa haka. Mu masu tulu a ƙananan jirage mu ne ruwa ke ɗauka.

Boga_Hamburg:
Salam. Na yi nitso a Hurghada da Zanzibar, ina da irin na'urorin nan, bari in raba muku don iri biyu ne mutane na cakuɗa su. Akwai PLB, shi in ka danna yana aika saƙo a kan mita 406 MHz zuwa taurarin ɗan adam na tsarin Cospas-Sarsat, wanda Amurka da Kanada da Faransa da tsohuwar Tarayyar Sobiyat suka kafa, tun 1982 yake ceton mutane. Saƙon na ɗauke da lambar na'urar da wurin da GPS ya nuna, ya sauka a cibiyar ceto, su kuma su nemi hukumar da ke kula da ruwan da kake. Batirinsa zai yi ta aikawa aƙalla awa 24. Ba a biyan kuɗin wata amma dole ka yi masa rajista da sunanka da lambar wanda za a kira. Illarsa yawancinsu ba a yi su don zurfi ba, sai ka sayi gwangwani na musamman ka rufe shi a ciki, wani kuɗin ke nan. Na biyun irin su Nautilus LifeLine, shi an yi shi don masu nitso, a rufe yana jure mita 130, amma ba ya magana da tauraro, rediyon VHF yake amfani da shi ya aika wurinka zuwa allon AIS na jiragen da ke kusa, wato na'urar da ke nuna wa jirage inda juna suke. Daga kuɗin da yaron ya faɗa ina zaton wannan yake nufi. Ni shawarata Hajiya ki saya masa, rai ya fi dala 200.

BabaSoja_Burma:
Boga ka yi bayani mai kyau amma ka tsallake babbar tambaya. In ya danna, wa zai ji? Ruwan Hurghada cike yake da jiragen nitso masu rediyo. Nan fa? Kwalekwalen masunta na Chorkor da Jamestown da Elmina da Sekondi, inji mai doki 40 ne da raga da jarkar mai, babu AIS babu VHF, waya kawai. In yana kusa da habo, wato tashar jiragen ruwa, na Takoradi ko Tema inda manyan jirage ke jibge suna jiran layi to za su gani a allonsu, kuma eriyarsu na can sama tana kamawa daga nesa. In kuwa can wajen Cape Three Points ne ko Axim babu babban jirgi kusa, zai yi ta dannawa babu mai amsawa. VHF sai eriya ta hango eriya, taka kuma tana daidai fuskar ruwa. Na farko a tabbatar jirgin nasu yana da abin da zai karɓi saƙon.

Boga_Hamburg:
Baba shi ya sa ni na fi son PLB, ba ruwansa da jirgin kusa

BabaSoja_Burma:
Shi ma ɗana, saƙo ya isa ofis daban, jirgi ya tashi daga Sekondi ya iso inda kake daban. Akwai sojan ruwa a Sekondi da Tema, akwai Ghana Maritime Authority, suna aikinsu, amma kafin a tabbatar da saƙon a kira lambar da ka bari a haɗa mutane a fito, awanni ne ba mintoci ba. Kuma ko sun iso wurin da GPS ya nuna sai sun gan ka da ido tukuna. Mun dawo kan balan-balan da tocila ke nan.

DanChorkor:
Ni cikin Ankarawa masunta na tashi, babana mai sayar musu da kayan inji ne. Gaskiyar magana a gaɓar nan wanda zai tsamo ka daga ruwa goma tara masunci ne. Idonsu ba irin namu ba ne, bosun, wato shugaban ma'aikatan kwalekwale, yana gane garken kifi daga canjin launin ruwa, balle abu mai ruwan lemo yana rawa. Amma ku sani ranar Talata ba sa fita, al'ada ce tun kaka da kakanni a nan Accra da yawancin garuruwan gaɓa. Ranar teku fayau yake. In da ni ne ke shirya fita nitso da ƙaramin jirgi ba zan sa Talata ba kuraa.

Zango_Lane99:
To yanzu mun koma bin ranar bori ke nan, Malam zo ka ji

DanChorkor:
Ba bori na ce ka bi ba massa, lissafi ne. Ranar da babu kowa a ruwa babu mai ganinka, shi ke nan

MalamSabonZango:
Ɗan Chorkor bai faɗi laifi ba, bai ce ranar na cutarwa ba, cewa ya yi babu mutane. Ni abin da zan ƙara, masu cewa in kwana ya ƙare ko da na'ura ɗari sai an tafi, gaskiya ne, amma Annabi SAW cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Malama Fati wata tambaya, mahaifiyarku ta san irin aikin da yaron nan ke yi?

Fati_Maamobi:
Malam Mma ba ta sani ba, ta ɗauka a habo yake aikin lodi. Tana da hawan jini shi ya sa muka yi shiru

MalamSabonZango:
Ku nemi hanya ku faɗa mata a hankali. Addu'ar uwa da ta san inda ɗanta yake ba ɗaya take da ta wadda aka rufe ba, kuma in wani abu ya faru Allah ya kiyaye ke za a tuhuma.

UmmuHanan_Madina:
Malam ka yi haƙuri a nan ban bi ka ba. Tsohuwa mai hawan jini a ce mata ɗanki na ƙarƙashin teku kullum? ba za ta sake barci ba. Uwa tana yi wa ɗanta addu'a ko ta san inda yake ko ba ta sani ba. Fati ki bar ta yadda take

Kawu_Yeji:
Kuna ta zancen tauraron ɗan adam, ku zo tafkin Volta ku ga yara ƙanana da ake turawa ƙasan ruwa su kwance ragar da ta maƙale a kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka gama dam ɗin Akosombo a 1965. Babu tulu babu tabarau babu komai, numfashinsu kawai. Wasu ragar ce ke naɗe su. Ba na ce kada a saya wa yaro kayansa ba, amma abin ya taɓa ni.

UmmuHanan_Madina:
Kawu Allah ya isar wa yaran nan. Ni tun abin da ya faru a Ada a 2014, mawaƙin nan da yarinyar da suka ɓace a kan babur ɗin ruwa, aka yi ta nema har yau shiru, na sallama wa bakin teku. Kuma fa ga mutane ga jirage a wurin

MaiNitso_Tema:
Anti Ada inda kogi ke haɗuwa da teku ne, jan ruwan wurin ba na wasa ba ne. Mu dawo kan yaron. Akwai abin da ya fi duk kayan nan kuma kyauta ne, ƙirga mutane. A watan Janairun 1998 a Ostareliya, a Great Barrier Reef, wani jirgi ya kai masu nitso ya dawo ya bar mata da miji 'yan Amurka, Tom da Eileen Lonergan, a tsakiyar teku. Ba inji ne ya lalace ba, ba hadari ba ne, ƙirge ne aka yi ba daidai ba. Sai bayan kwana 2 aka lura da jakarsu a jirgi aka gane ba su dawo ba, ba a taɓa ganinsu ba. Bayan nan jihar Queensland ta tsaurara dokar ƙirga fasinja. Duk makarantar nitso ana ba da labarin nan. Ƙirga kai ma bai isa ba don mutane na yawo a jirgi ka ƙirga mutum ɗaya sau biyu, suna ake kira kowa ya amsa da bakinsa, kada wani ya ce ai yana bayi.

Sadiya_Fadama:
Tambaya don Allah kada ku yi dariya. Me zai hana ya sa wayarsa a ledar nan ta ruwa da ake sayarwa, in ya fito ya kira 112 ko ya kira mai jirgin? ba ya fi sauƙi ba

Boga_Hamburg:
Ba abin dariya ba ne ƙanwata. Ledar nan ta wanka a bakin ruwa ce. Kowane mita 10 da ka sauka nauyin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya guda, a mita 30 ya ninka huɗu ke nan, ledar za ta sha ruwa ko gilashin ya fashe. Akwai akwatin waya na nitso na gaske amma kuɗinsa ya kusa na na'urar, sannan netwok na yankewa in an yi nisa da gaɓa, ga yatsu a jiƙe allo ba ya jin taɓi.

Awudu_Ashaiman:
Ni dai usur ɗin nan da kuke ta faɗa ban yarda da shi ba. Na taɓa fitowa nesa da jirgi na busa har kaina ya yi ciwo, ina ganin mutumin yana zaune ya juya min baya inji na kunne, iska kuma daga wajensa take busowa, ko gezau. Wani kwalekwale ne ya nuna masa ni. Tun daga nan na sayi hon ɗin da ake haɗawa da tiyon rigar iska, wato rigar da muke hurawa ta riƙe mu a saman ruwa, da iskar tulu yake aiki, ƙararsa sai ka kau da shi daga kunnenka ko ka nutsa kai cikin ruwa kafin ka danna.

MaiNitso_Tema:
Awudu hon na da kyau ina da shi, amma ranar da ka fito tulu babu iska fa? ai ranar da abubuwa suka lalace ita ce ranar da iska ke ƙarewa. Shi ya sa ake cewa ka fito da sauran iska bar 50 a tulu, bar ma'aunin matsin iska ne, kada ka shanye. Usur ba ya cin batir ba ya cin iskar tulu, a ɗaure a kafaɗar riga. Sai dai kada a sayi irin na alƙalin ƙwallo mai ɗan ƙwallo a ciki, in ya jiƙe yana maƙalewa, a nemi marar ƙwallo. Kuma labarinka ai ba laifin usur ba ne, laifin wanda ya juya wa ruwa baya ne alhali mutanensa na ƙasa.

Awudu_Ashaiman:
Wannan kam haka ne. Ban sake bin jirginsa ba

Zango_Lane99:
To in ya fito babu jirgi babu kowa sai ya yi me, ya kama salati kawai?

BabaSoja_Burma:
Ya yi salatin, yana yi yana aiki. Ya cika rigar iska ya sake damarar darma ta tafi ƙasa, kada ya ji ƙyashin kuɗinta. Tabarau ya zauna a fuska, ya juya wa igiyar ruwa baya don kada ya yi ta haɗiyar gishiri. In su biyu ne ko fiye su ɗaure kansu da juna, taro ya fi saurin ganuwa kuma in ɗaya ya galabaita akwai mai riƙe shi. A 2008 a Indonesiya ruwa ya kwashi Turawa 5 masu nitso kusa da Komodo, haɗa kansu da suka yi wuri ɗaya ya sa babu wanda ya salwanta har suka kai tsibirin Rinca, a can ma sai da suka yi ta jifan ƙaton ƙadangaren nan na yankin kafin a zo a ɗauke su. Kada ya cire rigar roba wai zafi, ruwa na zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska, ko ruwanmu mai ɗumi in ka daɗe sai ka kama rawar ɗari, balle daga Yuli zuwa Satumba da ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa. Ya naɗe gwiwa zuwa ƙirji ya rage motsi. Kada ya sha ruwan teku komai ƙishi. In gaɓa na kusa ana ganinta ya bi ruwa a karkace, kada ya tunkare shi gaba da gaba. Ruwan gaɓarmu yawanci gabas yake ja, daga Takoradi ya nufi Cape Coast, masu nema su san ta inda za su fara. Tocila kuma a adana batir sai an ji inji ko an ga haske, gajere uku dogo uku gajere uku.

Sadiya_Fadama:
Baba ni da zan ɗaga hannu in yi ta kaɗawa ina ihu

MaiNitso_Tema:
Kaɗa hannu a wajenmu ma'anarsa ina cikin matsala ku zo, in lafiya kake hannu za ka ɗora a ka. Baƙi sukan fito suna ɗaga wa jirgi hannu don murna mu yi ta gudu a banza. Wani abu kuma Yaya Fati, in an saya masa SMB ya koyi harba ta a ruwa marar zurfi tukuna. Kada ya kuskura ya maƙala ƙwarƙwaron a jikinsa lokacin da zai sake ta, in zare ya sarƙe za ta fizge shi sama da gudu, iskar da ke huhu ta kumbura, ga ciwon da ke kama gaɓoɓi in an taso da sauri. In ta sarƙe ka sake ta tafi. Abin ceto ne amma ta sha jikkata waɗanda ba su iya ba.

Boga_Hamburg:
A wasu wuraren Turai ruwan lemo na nufin lafiya lau ga ni nan, ruwan ɗorawa na nufin akwai matsala a ƙasa. Amma ba ko'ina aka san haka ba sai an yi yarjejeniya da mai jirgi kafin a shiga. Akwai kuma garin rini kore da ake zubawa a ruwa don jirgin sama ya gani, sai dai igiyar ruwa na watsa shi da wuri

Fati_Maamobi:
Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka. Na kira shi yanzu na karanta masa tambayoyinku ɗaya bayan ɗaya. Balan-balan ɗin wai guda ɗaya ce a jirgin, wanda ke jagora shi ke riƙewa. Usur yana da shi. Madubi dariya ya yi. Tocila ta aro ce in za su yi aikin gindin jirgi. Na ce jirginku na da rediyo ya ce waya suke amfani da ita. Na ce wa ke zama a sama in kun shiga ya ce mai tuƙi, shi kaɗai, wataran ma yana jefa ƙugiya yana kamun kifinsa kafin su fito. Na'urar kuma irin ta biyun ce da Boga ya faɗa, wani bature ne da suka kai ya nuna masa tasa.

BabaSoja_Burma:
To kin ji. Na'urar za ta yi kira jirginsu ba shi da kunnen ji. 'Yata ki saya masa doguwar balan-balan da ƙwarƙwaro da madubi da tocila tasa ta kansa mai batirin ajiya, sauran kuɗin ki riƙe. Shi kuma su haɗu su matsa wa mai jirgin ya sa rediyo ya ƙara mutum ɗaya da ba shi da aiki sai kallon ruwa.

Boga_Hamburg:
Baba ban ƙi taka ba amma ni a ganina labarin nan ma shi ya ƙara nuna yana buƙatar PLB. Jirgi babu rediyo, mutum ɗaya a sama, in injin ya mutu shi kansa mai tuƙin neman ceto yake, wa zai nemi yaron? Kuma rabin aikinsu kusa da habo ne inda manyan jirage suke, ko ta AIS ɗin ma ba asara ba ce

Awudu_Ashaiman:
Matsa wa mai jirgi? Baba yaron da ya samu aikin da ƙyar, yana buɗe baki za a ce gobe kada ka zo akwai goma a layi

UmmuHanan_Madina:
Ni dai a ba shi jarin ya dawo Nima ya buɗe shagon momo na tura kuɗi ta waya

MaiNitso_Tema:
Yaya Fati turo min lambarsa ta inbos, ina da tsohuwar SMB mita ɗaya da rabi bawul ɗinta na ɗan yoyo amma ana gyarawa, zan ba direban Takoradi a Kaneshie ya kai masa ya fara koyo da ita kafin sabuwa ta zo. Boga yaushe za ka sauko? in kafin hunturu ne ka taho da tocila biyu, ni ma tawa ta fara shan ruwa

Boga_Hamburg:
Farkon Disamba in sha Allah. Mai batirin caji kake so ko mai batirin sakawa? Hajiya ke ma ki yanke shawara kan PLB ɗin kafin lokacin don rajistar na ɗaukar 'yan kwanaki

Fati_Maamobi:
Bari in ɗauki adashin tukuna. Madubin wane iri ne, na kwalliya na jaka zai yi ko sai na musamman?